Kunya da Kiran Suna a Fim ɗin The African Queen

Fim ɗin The African Queen, wanda John Huston ya ba da umarni a 1951 bisa littafin C. S. Forester na 1935, ya haura shekara 70 amma har yau ana kallonsa. Labarin ya faru ne a 1914, a yankin Gabashin Afirka da Jamus ke mulka. Sojojin Jamus suka ƙone wani ƙauye, ɗan mishan ɗin wurin ya rasu, ’yar’uwarsa Rose ta tsere cikin wani tsohon jirgin ruwa tare da matuƙinsa, Charlie Allnut, mashayin giya. Humphrey Bogart da Katharine Hepburn ne taurarin.

Jigon yaƙin ba shi da ƙarfi. Shirin nutsar da jirgin yaƙin Jamus da nakiyar da suka harhaɗa da hannu ya fi kama da tatsuniya. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne yadda mutanen biyu ke kiran juna. Da farko Rose ba ta kiransa sai da sunan danginsu, shi kuma yana sakaya nata don girmamawa. Ko ranar da ta tuttular masa da giyarsa a kogi, da shiru ta hore shi. Sai bayan soyayya ta bayyana ta tambaye shi, cikin jin nauyi, mene ne ma sunansa na yanka. Ɗalibin da ya san yadda Bahaushiya ke ɓoye sunan miji da na ɗan fari ba ya bukatar a fassara masa wannan fitowa.

Sai dai mai kallo a Sabonjida, cikin Tamale, yana da abin tuhuma. ’Yan Afirkan fim ɗin ba su da suna, ba su da ta cewa. A farkonsa ma an nuna su suna wawar guntun sigari da Charlie ya yar. Alhali a wannan yaƙin ne aka kai rundunar Gold Coast Gabashin Afirka a 1916, kuma da yawa daga cikin sojojinta ’yan arewacin ƙasar Gana ta yau ne. Da Hausa ake magana a barikinsu. Shekara 2 suka yi a wannan fagen daga, amma ’yan Afirka masu bindiga da fim ɗin ya nuna na ɓangaren Jamus ne, suna harbin jirgin daga ganuwa.