Kama Da Wane Ba Ta Wane Ba: Nazari Kan Satar Karin Waƙa

Sau da yawa mutum yakan ji sabuwar waƙa, kunnensa ya gaya masa ya taɓa jin ta a wani wuri, sai ya yanke hukunci nan take, ya ce mai ita ɓarawo ne. Nufina a wannan 'yar takarda shi ne in nuna cewa kunne shaida ne kurum, bai kai alƙali ba. Zan kafa hujja da shari'u uku na ƙasashen waje, sa'an nan in gwada su da abin da muka sani na waƙar Hausa.

A 1970 George Harrison, mawaƙin Ingila, ya fitar da "My Sweet Lord". A 1971 masu haƙƙin "He's So Fine", wadda Ronnie Mack ya tsara, 'yan matan Chiffons suka rera ta yi tashe a Amurka a 1963, suka kai ƙara. Alƙali Richard Owen na New York ya yanke hukunci a 1976. Abin lura shi ne yadda ya feɗe waƙoƙin. Ya sami gutsuren kari guda biyu, ɗaya mai amo uku, ɗaya mai amo biyar. Ya ce ko wannensu shi kaɗai ba sabon abu ba ne. Amma a maimaita na farko sau huɗu, a biyo shi da na biyu a kai a kai, wannan tsari na Mack ne, ga shi kuwa a waƙar Harrison. Ya yarda Harrison bai yi niyya ba, zuciyarsa ce ta ajiye abin da ta ji, ta mayar masa kamar nasa. Duk da haka ya ba shi rashin gaskiya.

A 2023 kuwa, a birnin nan dai, magadan Ed Townsend, wanda suka tsara "Let's Get It On" tare da Marvin Gaye a 1973, suka sha kaye a ƙarar da suka kai Ed Sheeran bisa "Thinking Out Loud". Kamar da ke tsakanin waƙoƙin ta tsaya ga sautukan rakiya guda huɗu da ake kaɗawa a ƙarƙashin murya, waɗanda makaɗa da yawa suka yi aiki da su tun kafin 1973.

A ganina hukuncin biyu ba su saɓa wa juna ba, kuma mai nazarin harshe ya fi kowa saurin gane dalili. Sautukan ko wane harshe ƙididdigaggu ne, ba kuwa mai cewa baƙin "ka" mallakarsa ne. Abin da mutum ke iya mallaka shi ne jimlar da ya shirya. Haka kiɗan Turawa yake, amonsa goma sha biyu ne kacal, tilas a yi ta haɗuwa a hanya. Malaman adabin Larabci, irin su Ibn Rashiƙ na Ƙairawan a ƙarni na 11, sun daɗe da ware babi domin satar mawaƙa, sun kuwa bambanta ta da dacewa, wadda suka kwatanta da kofaton doki ya faɗa a sawun wani.

To, mu dawo gida. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ari karuruwan aruli da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, kamar su basiɗ da kamil da mutaƙarab, domin gaɓoɓin Hausa, kamar na Larabci, mai nauyi ce da marar nauyi. Waƙoƙi biyu masu kari ɗaya sukan hau murya ɗaya, ba a kuwa taɓa kiran wannan sata ba. Masu bincike sun nuna karin "Imfiraji" ta Aliyu Namangi na Zariya daga kiɗan caji ya samo asali, wannan bai rage mata daraja ba, gama ya zuba wa tsohuwar ƙwarya sabuwar fura. Har wa yau ga tahamisi: Ishiriniya da ake rerawa a masallatanmu ta Alfazazi ce, Ibn Muhib ya ƙara ɗango uku a kan ko wane biyu, sunan ko wannensu kuwa yana nan. Aro ne a fili, da rana tsaka.

Ina satar take ke nan? A dubi shari'a ta uku. A 1939 Solomon Linda, Bazule, ya ɗauki "Mbube" a faifai a Johannesburg. Karinta ya ƙetare zuwa Amurka, ya zama "The Lion Sleeps Tonight" a 1961, ba sunansa. Ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 aka yi sulhu da 'ya'yansa. Nan an haɗa abu uku: an ɗauki abin da ya keɓanta da mutum ɗaya, akwai tabbacin an ji shi, an kuma ɓoye mai shi aka ci amfanin.

Saboda haka ina ba malaman kwalejojin horon malamai shawara, in ɗalibi ya kawo waƙa mai kama da wata, kada a yi gaggawar kunyata shi. A tambaya tukuna: abin da ya yi kama, gadon kowa ne ko ƙirar mutum guda? Ya taɓa jin ta farkon? Ya ambaci mai ita? In kari ne kurum ya hau, a yaba masa, domin da haka duk mawaƙi ke koyon tafiya. In kuwa baitin wani ya ɗauka ya shafe sunansa, a tsawata masa. Malamin da ya kasa rarrabe waɗannan biyu, ko dai ya kashe zuciyar mai hazaƙa, ko ya yaye ɓarawo da hannunsa.