Mawaƙi a Kan Hanya: Shata, Ɗan Maraya da Nauyin Ayari



Duk wanda ya zauna a rumfar kasuwa, ko ya shiga motar haya daga Gadaka zuwa Potiskum, ya san akwai muryoyi biyu da har gobe ba su bar kunnuwanmu ba: ta Alhaji Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos. Kaset ya wuce, memori ya zo, su dai suna nan. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Allah Ya jiƙan su. Abin da ya sa muka ɗauko zancensu a wannan fitowa shi ne samarinmu. An fara samun yara a unguwar nan da ke barin rumfa da gareji, wai su waƙa za su yi, a riƙa gayyatar su gari-gari. In ka yi magana sai su ce ai Shata ma yawo ya yi. To, tunda da shi ake kafa hujja, bari mu saurari waƙoƙin nan da kunnen fatake, mu ga abin da hanya ta ba mutanen nan biyu da abin da ta karɓa a hannunsu.

Mu fara da bambance makaɗin fada da makaɗin jama'a. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Ubangida ɗaya gare shi, shi ke ba shi riga da doki da hatsi, shi kuma ya zauna ya tsara masa waƙa a natse. Makaɗin jama'a ba shi da wannan inuwa. Kasuwarsa tana inda ake biki ko naɗin sarauta ko wasan dare, dole ya bi ta, kamar yadda mu muke bin kasuwannin ƙauye da hajarmu. Shata ya san wannan tun kafin ya yi suna, don ɗan Musawa ne da ya taɓa tallar goro. Daga Musawa ya koma Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa, inda ya shafe shekaru masu yawa. Amma gidan wurin sauke gajiya ne kawai. Ya zaga Arewa lungu-lungu, ya shiga ƙasashen maƙwabta, ya kai har Ingila da Amurka.

Hanyar nan ita ce makarantarsa, kuma ana jin ta a waƙa. Shata ba ya zuwa da waƙa a ƙunshe. Amshi gajere ne, kalangai na tafe, shi kuma yana ɗora magana nan take gwargwadon wanda ya gani a gabansa. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a faifai biyu, kowanne da abin da babu a ɗayan. Yana jero garuruwa da mutanensu kamar mai karanta littafin bashi, wane a gari kaza, wane ɗan wane, ga abin da ya yi masa. Mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Haɗeja suka zauna cikin 'yan'uwanmu Ngamo, in muka ji ya ambaci garin kakanninmu sai zuciya ta motsa. Wannan baiwa ce, ba mai musu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Sai dai kowane falke ya san lissafin ayari. Shata ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai kirari, ga direba, ga masu ɗaukar kaya, kowannensu ya bar iyali a gida suna jiran cefane. Kafin a buga kalangu sau ɗaya an ci kuɗin mai da masauki da abinci. Wa zai biya? Mai kuɗin garin da mai sarauta, sai kuma masu liƙi a otal da kulob. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Nan ne muke da magana a kan wani sashe na waƙoƙinsa. Akwai waɗanda in ka cire sunan mai kyauta da jerin abin da ya bayar, ɗan abin da ya rage ba ya cika tafin hannu. Akwai zambo, wanda sau da yawa kuɗin fito ne a kan wanda ya hana, don na gaba ya ji tsoro ya bayar. Akwai kuma waƙar da ya yi wa mashaya, wadda a ganinmu wuraren da hanya ta riƙa sauke shi ne suka haife ta. Mutumin da ya yi waƙar yabon Annabi (SAW) mai ratsa jiki shi ne ya yi waccan. Harshe ɗaya ne, masu masauki ne suka bambanta.

Yanzu dubi Ɗan Maraya. Sunansa Adamu, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, wato shi ma ɗan zangon Hausawa ne kamar 'ya'yanmu. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga masu kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Kun san hanyar Jos zuwa Maiduguri ta Potiskum ɗin nan tamu take bi. Kuntigi kuwa mene ne? Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya. Ya shige aljihun babbar riga. Ba ɗan amshi, ba makaɗi, shi ke kiɗa shi ke waƙa.

Wanda kayansa ba su da nauyi yana iya tsayawa inda ya ga dama. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota, yaron da ke sa wa taya waigi, ya ɗaure kaya, ya kwana a ƙarƙashin babbar mota. Me karen mota zai ba mawaƙi? Ko kuɗin shayi da ƙyar. Amma Ɗan Maraya ya dube shi da idon mutunci, kuma mu da muke ganin yaran nan kullum a tashar manyan motoci ta Potiskum da bakin kasuwar shanu mun san bai ƙara gishiri ba. Haka waƙoƙinsa na zaman aure da auren dole da tsakanin mai akwai da mai babu. Labarai ne na gidajen haya da tasha, irin waɗanda matafiyi mai kunne ke tsinta. Ba ka buƙatar sanin wani attajiri kafin su yi maka amfani.

Kada a ce mun ɗaga wani mun kā da wani. Ɗan Maraya ma ya yabi manya, ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma ci kyautar masu mulki. Shata kuma ya yi wa direbobi da manoma waƙa, ya yi ta gargaɗi ga 'yan Arewa, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 bai bari ba. A fagen murya da saurin ƙirƙira da kwarjini, wallahi Shata gaba yake. Abin da muke nunawa ɗaya ne: yawan bakin da mawaƙi ke ciyarwa a hanya shi ke rage masa 'yancin nasa bakin. Shata ya iya ɗaukar wannan nauyi ya kuma faɗi son ransa a wurare da yawa saboda Shata ne. Yaron da ke kwaikwayon yawonsa ba tare da baiwarsa ba, nauyin kawai zai gada.

Ta fuskar addini ma a yi adalci. Annabi (SAW) yana da mai yi wa raƙuma waƙa a tafiya, Anjasha, bai hana shi ba, sai dai ya umarce shi da sassautawa. Hassanu ɗan Sabitu ya kare Musulunci da baitoci. Amma ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙan da ke yawo da harshe ko'ina suna faɗin abin da ba sa aikatawa, ya ware masu imani da aikin ƙwarai. An kuma yi hani mai tsanani ga yabon mutum a gabansa da abin da bai kai ba. Hadisi ya nuna tafiya wahala ce mai hana barci da ci, wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Falke yana da ranar dawowa. Mawaƙin da ya mai da hanya gida, wa ke tarbiyyar 'ya'yansa? Asuba nawa ke wuce shi bayan wasan dare?

Ayarin yau ya ma fi na Shata tsada. Akwai kuɗin situdiyo, hayar mota da na'urar sauti, masu rawa, masu ɗaukar bidiyo. Sarakai da attajiran da ke ba da doki sun ja baya, wanda ya rage da buɗaɗɗen aljihu shi ne ɗan siyasa, shi kuma yabonsa yake so da zagin abokin hamayya. Zaɓe na wucewa waƙar ta mutu, gabar da ta haddasa kuwa ta zauna. Mu da muke zaune lafiya da masu masaukinmu shekara da shekaru, ba mu da rarar da za mu bari yaronmu ya zagi wani a lasifika saboda an cika masa tanki.

Don haka shawararmu ga samari ita ce, wanda Allah Ya ba murya ya riƙe sana'arsa ta hannu, don mai abin cefane ba a saya masa harshe da arha. Ya rage ayari, ya sa wa kowace tafiya ranar dawowa, ya kuma buɗe ido ya ga masu dako da 'yan ga-ruwa da makiyayan da ke koro shanu kasuwa, waɗanda har yanzu ba wanda ya waƙe su yadda ya kamata. Mu kuma iyaye masu gayyato mawaƙa biki, mu lura da inda muke liƙi. In sai an kira sunanmu muke zaro kuɗi, mu ne muke koya wa yaran roƙo. Ranar da yaro ya faɗi gaskiya mai amfani a waƙa, a ranar ya kamata hannu ya shiga aljihu.

Allah Ya gafarta wa Shata da Ɗan Maraya, Ya shirya mana zuri'a, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.