Ƙullun da Ya Kwana: Yadda Ake Toya Masa a Damagaram

Kafin a kira assalatu a masallacin da ke fuskantar fadar Sarkin Damagaram, hayaƙi ya riga ya fara tashi daga lungunan Birni, tsohuwar unguwar garin. A ɗaya daga cikin lungunan nan, kusa da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, akwai wata dattijuwa da na sha zama gefen murhunta ina jiran masa. Wanda ya zo da safe ya ga ta zuba ƙullu, ta juya, ta kwashe, zai ɗauka iyakar aikin ke nan. Alhali wutsiyar aikin ya tarar. Masar da ake karya kumallo da ita, tun azahar ɗin jiya aka ɗora harsashinta.

Daga gero ake farawa. Akwai masar shinkafa, fara sol, wadda ake fitar wa baƙi da ƴan biki, amma ta gero ita ce ta ƙasar nan, tunda gero ne gonakin Damagaram suka fi bayarwa. Tana auno shi da tiya, kwanon awon hatsi da kowa ya sani a Kasuwar Dole. Sai surfe. Za ta yayyafa wa geron ruwa kaɗan, ta zuba a turmi, ta riƙa sakar masa taɓarya da lissafi, yadda dusa za ta saki ƙwaya ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. In ruwa ya yi yawa gero ya caɓe, in ya yi kaɗan dusa ta ƙi fita. Ta bakace a faifai, ta wanke, sannan ta rege: tana kaɗa ƙwarya a hankali, gero yana bin ruwa zuwa wata ƙwaryar, yashi da tsakuwa suna kwanciya a gindi. Ba ta gaggawa a nan, domin tsakuwa ɗaya a haƙorin mai gida ta isa ta raba ta da cinikin gidan baki ɗaya. Ruwan wankin kuwa, wanda ake kira ƙasari, ba ya zuba a ƙasa. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun ƴan garuwa, ƙasari da dusa rabon tumakin gida ne.

Idan geron ya sha iska, sai a kai inji a ɓarzo shi. Ta sa rariya ta tankaɗe, gari ya sauka ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. Tsaki shi ne ɓarzajjen hatsin da bai kai ga zama gari ba, kuma a nan hikimar farko take. Ba ta mayar da shi inji. Dafa shi take yi har ya yi laushi kamar fate, ta juye ya huce, sannan ta kwaɓa shi da ɗanyen garin. Dalili kuwa, gero ba shi da danƙon nan na alkama wanda ke riƙe iska a cikin burodi. Dafaffen tsakin ne ke riƙe ruwa, ya ɗaure ƙullu, ya hana masa wargajewa a tanda. Wasu matan kan ƙara ruwan karkashi ko garin busasshiyar kuɓewa, don yauƙinsu yana ƙara wa masa taushi. Kafin ta haɗa, sai ta tsoma yatsa a cikin tsakin. In ya ƙona yatsa, zai kashe abin da zai tayar da ƙullun.

Abin da ke tayar da shi kuwa, ludayi guda ne na ƙullun jiya da ta rage a ƙaramar ƙwarya. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cin zaƙin da ke cikin hatsi suna fitar da iska da tsami. Yis ɗin kanti ma aikin da yake yi ke nan, kuma masu sana'a da yawa yanzu shi suke amfani da shi saboda saurinsa. A bakina dai, masar da aka tayar da tsohon ƙullu ta fi ƙanshi nesa ba kusa ba.

Daga nan aiki ya koma hannun dare, kuma daren Damagaram ba iri ɗaya ba ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kuma bango ke kwana da ɗumi, ƙullun da aka kwaɓa da magariba zai wayi gari ya yi tsamin da ba ya ciwuwa. Saboda haka sai bayan isha'i take kwaɓawa, ta rage tsohon ƙullun, ta ajiye robar ƙullun a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. A Disamba da Janairu kuwa, da hunturu ya sauko, tun la'asar take haɗawa da ruwa mai ɗumi, ta lulluɓe robar da tsohon zane, ta kai ta kusa da murhun da aka gama tuwon dare. Babu agogo a wannan lissafin, babu ma'aunin zafi. Fatar jikinta ce ke gaya mata irin daren da za a yi.

Da asuba ta ɗaga murfi. Ƙullun ya kumburo, samansa ya yi ƙananan huji, ƙanshin tsami ya bugi hanci. Ta lakato ta ɗanɗana, harshenta ya yanke mata yawan kanwar da za ta sa. Kanwa tsohuwar haja ce a wannan gari. Tun zamanin sarakunan da suka kewaye Birni da ganuwa, fatake ke kawo ta daga ƙasar Manga da ke gabas. Idan ruwanta ya haɗu da tsamin ƙullu, tsamin ya karye, iska ta taso, kuma wannan iskar ce ke buɗe idanun da ake gani a cikin masa in an gutsura. Kanwa ta yi yawa, masa ta yi ja ta yi bauri. Ta yi kaɗan, tsami ya kashe haƙori. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ta taɓa zuba kanwa a robar gaba ɗaya. Tana ɗibar ƙullu a ƙwarya daidai wanda za ta toya yanzu, ta sa kanwa da gishiri da ɗan sukari, ta buga da ludayi har ya riƙa zubowa a haɗe. Ta san iskar kanwa ba ta jira. Wanda aka bari ya daɗe, kwanciya yake yi.

Tandarta ta yumɓu ce, irin wadda maginan tukwane ke yi, kuma Mirriya da ke ƙasa da kilomita 20 daga Damagaram ta yi suna a wannan sana'a. Sabuwar tanda kama ƙullu take yi, sai an yi ta shafa mata mai ana ɗora ta a wuta kafin ta saki jiki. Tata ta yi baƙi ƙirin, tana sheƙi, kuma ba ta ba da aronta. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidaje da dama a garin, amma ita tana nan kan icce da karan gero, don da hannu take sarrafa wutar: ta tura kara nan, ta janye icce can.

Ta ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ta bi da ƙullu, ba ta cika gurbin ba saboda zai taso. Mai ya yi cuu. Gurabun tsakiya sun fi samun wuta, don haka ko da ta fara zubi daga gefe, daga tsakiya take fara juyi. Da gefen masa ya yi ja ya janye daga jikin tanda, samanta ya daina ƙyallin ɗanyen ƙullu, sai ta zura bakin cokali ta kifar da ita da juyi ɗaya na wuyan hannu. Ba ta huda ta, ba ta danna ta. Tana yi tana amsa gaisuwa.

"Inna, ina kwana? In ji Baba a ba shi ta dala ashirin, wadda ta soyu sosai."

"Lafiya lau, ƴata. Yaya ƙafar tasa? Miƙo kwanon."

Dala ashirin sefa 100 ke nan. Ta ƙirga, ta ɗora guda ɗaya gyara, idonta bai bar tanda ba.

Faransawan da suka kama garin nan a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu har 1926 da aka koma Yamai, sun bar mana dogon burodinsu, kuma yana nan a teburin kowane mai shayi. Su ma suna da abincin safe da ke buƙatar jiƙo: burodin da ya kwana ya bushe, a tsoma shi cikin ƙwai da madara a soya, suna kiransa pain perdu. A Amurka har jera shi suke yi a faranti mai zurfi, ya kwana a firji yana shan ƙwai da madara, da safe a watsa masa ƙananan ƴaƴan itace a gasa. Amma su sanyin firji ne ke tsare musu jiƙon har gari ya waye. Ita kuwa dattijuwar, ƙullunta a raye yake kwana, yana sauyawa da kowace sa'a.

Samarin da suka raba dare a majalisarsu ta hira suna shan shayi sukan fito wajen ƙarfe tara su tambayi masa, su tarar tana goge tanda da tsumman mai, ta riga ta ware ludayin ƙullun gobe, ta aika a auno gero. Idan Allah ya kai ka Damagaram, ka shiga Birni kafin ƙarfe bakwai, ka nemi ta gero. Ka ci ta da zafinta, da zuma ko da yajin ƙuli, a nan gefen murhu.