Ma'aunin da bai san kuɗin mota ba

Idan gwamnati na da kuɗi kaɗan da majinyata da yawa, ta yaya za ta zaɓi maganin da za ta saya? Masana tattalin arzikin lafiya suna da ma'auni mai suna QALY. Shekara guda cikin cikakkiyar lafiya maki 1 ce, mutuwa kuma 0. Maganin da ya samar da maki mai yawa da kuɗi kaɗan shi ke kan gaba.

Makin yakan fito ne daga takardar EQ-5D, wadda ƙungiyar EuroQol ta fitar a 1990. Tambayoyinta biyar ne: tafiya, kula da kai, ayyukan yau da kullum, ciwo, da damuwa. Masu ciwon daji kuma suna da tasu, QLQ-C30, mai tambayoyi 30. Ɗaya daga ciki tana tambaya ko jinya ta jefa mutum cikin matsin kuɗi. To amma da aka tace ta zuwa QLU-C10D domin lissafin QALY, abubuwa goma aka ɗauka, kuma tambayar kuɗin ba ta shiga ba.

Masu tsarin suna da hujja. Sun ce kuɗi ɓangarensa daban a lissafi, kada a ƙirga shi sau biyu. A Ingila, inda hukumar lafiya ke biyan jinya, wannan magana ta zauna. A Nijeriya fa? Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita.

Ka ɗauki mace mai ciwon dajin mama a Bunguɗu ko Tsafe. Za a iya ganinta a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, amma idan ana buƙatar ƙona ciwon da na'ura, sau da yawa sai Asibitin Koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya. Ba zuwa ɗaya ba ne, makonni ake yi. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya da ya bar gona, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Idan lissafin ya tsaya kan abin da gwamnati ke kashewa, duk wannan bai shiga ko'ina ba. Sai kawo na'urar kusa da mutane ya zama kamar tsada ce kawai.

Akwai kuma yadda muke amsa tambaya. Ka tambayi dattijuwa ya jiki, za ta ce da sauƙi, alhamdulillahi, ko da ba ta runtsa ba jiya. Takarda za ta rubuta haƙurinta a matsayin lafiya, makinta ya hau, buƙatarta ta ragu a idon mai rabon kuɗi.

Ban ce a jefar da QALY ba, ya fi rabo da son rai nesa ba kusa ba. Amma duk binciken da ka gani yana cewa magani kaza ya fi araha, ka duba abu biyu: aljihun wa aka lissafa, kuma da wane harshe aka yi wa majinyaci tambayar?