Nadamar Allah da Gardamar Ayoyi Masu Karo da Juna

Akwai wani salon gardama a kan Littafi Mai Tsarki wanda kusan kowa ya taɓa cin karo da shi, ko a ɗan ƙaramin littafi, ko a kaset ɗin muhawara, ko a bakin mai wa'azin kasuwa. Sai a ciro aya daga nan, a ciro wata daga can, a jera su kafaɗa da kafaɗa, a ce wa mai sauraro ya zaɓi wadda ta yi ƙarya. Littafin Ƙidaya 23:19 ya nuna Allah ba ya sake shawara kamar ɗan Adam, Farawa 6:6 kuwa ya nuna ya yi baƙin cikin halittar mutum. Yahaya 1:18 ya ce ba a taɓa ganin Allah ba, ga Yakubu a Farawa 32:30 yana cewa ya gan shi. Salon tsoho ne ƙwarai. Markiyon mutumin Sinof, wanda ikkilisiyar Roma ta kora a wajen shekara ta 144, ya rubuta littafi sukutum na irin wannan jeri, har ya yanke cewa alloli biyu ne, mai fushi na Tsohon Alkawari da mai alheri wanda Yesu ya bayyana. Ibn Hazm na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya bi Attaura da irin wannan ido a littafinsa Al-Fisal. A zamaninmu kuma muhawarar Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986 ta shiga gidaje da yawa a ƙasar Hausa, ta koya wa matasa wannan hanya.

Masu ba da amsa su ma ba yau suka fara ba. Tartuliyan na Kartaj ya mayar wa Markiyon martani a littattafai biyar a farkon ƙarni na 3, John Haley ya tattara ɗaruruwan irin waɗannan zarge-zarge ya amsa su a 1874, Gleason Archer ya sake yin haka a 1982. A ganina waɗannan masu kāriya suna da gaskiya cewa babu karo a kan halin Allah, amma sau da yawa sukan bi doguwar hanya su bar hujjar da ta fi ƙarfi. Hujjar kuwa ita ce, a wuraren da suka fi muhimmanci, maganganun biyu da ake cewa suna faɗa da juna a babi ɗaya suke zaune, kuma wanda ya rubuta su ya san abin da yake yi.

A duba 1 Sama'ila 15. A aya ta 11 Allah ya gaya wa Sama'ila ya yi nadamar naɗa Saul sarki, annabin ya kwana yana kuka ga Ubangiji. Da gari ya waye ya tafi ya sanar da Saul an karɓe masa sarauta. Da ya juya zai tafi, Saul ya kai hannu ya cafke bakin rigarsa, rigar ta yage, Sama'ila ya ce masa haka aka yage mulkin daga hannunsa. Nan take, a aya ta 29, ya ƙara da cewa Allah ba mutum ba ne da zai yi nadama. Ayoyi shida bayan wannan, a aya ta 35, mai ba da labarin ya rufe babin da cewa Ubangiji ya yi nadamar naɗa Saul. Kalmar Ibrananci guda ce a wurare ukun, wato naham. Marubucin da ya iya kawo yagewar riga ya mai da ita hukunci ba wanda zai manta da abin da ya rubuta layi shida baya ba ne. Da gangan ya sa ƙin nadamar a tsakiyar nadama biyu. A aya ta 11 da ta 35 ana maganar yadda Allah ya ji da kuma yadda ya ɗauki mataki a kan sarkin da ya bijire. A aya ta 29 ana gaya wa Saul, wanda yake jan riga yana neman a sassauta, cewa wannan hukunci ba na ciniki ba ne, ba a lallashinsa yadda ake lallashin hakimi.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan karatu shi ne littafin Yunusa. Da mutanen Nineba suka tuba, Allah ya janye masifar da ya ce zai aukar musu, Yunusa ya fusata. Abin mamaki shi ne dalilin fushinsa a 4:2. Bai ce Allah ya ba shi mamaki ba. Cewa ya yi tun yana gida ya san haka za a yi, shi ya sa ya gudu, domin ya san Allah mai jinƙai ne, mai jinkirin fushi, mai janye masifa. Wato janye hukunci ga wanda ya tuba yana cikin jerin halayen Allah da ba sa sākewa, har annabi yana iya hango shi tun daga nesa. Yowel 2:13 ya kawo jerin nan, Irmiya 18:7-10 kuma ya shimfiɗa shi a matsayin ka'ida: al'ummar da aka yi wa gargaɗi in ta juyo za a fasa, wadda aka yi wa alkawarin alheri in ta lalace za a janye. Da Allah ya hallaka Nineba bayan ta tuba, a nan ne za a ce halinsa ya sāke. Saboda haka Malakai 3:6 da Yakubu 1:17, masu maganar rashin sākewarsa, ba su da rigima da Yunusa.

Batun ganin Allah ma haka yake. Fitowa 33:11 ya nuna Allah yana magana da Musa kamar aboki da abokinsa, fuska da fuska. Ayoyi bakwai gaba, Musa ya roƙi ganin ɗaukakarsa, aka ce masa mai rai ba ya ganin fuskar Allah ya rayu, aka sa shi a tsagar dutse, aka rufe shi da hannu har ɗaukakar ta wuce, ya ga baya kawai. Kusanci na gaske ne, iyakar ma ta gaske ce, babin kuma ya riƙe su tare. Yana da kyau a tuna cewa lambobin ayoyin nan baƙi ne a cikin littafin. Na Sabon Alkawari sai a 1551 Robert Estienne ya buga su. Sun sauƙaƙa neman wuri, amma su ne suka sauƙaƙa yanke jimla daga jikin labarinta a kai ta kasuwar gardama.

Mai suka zai ce, da irin wannan fassara ai babu karon da ba za a iya shafe shi ba. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma wasu masu kāriya sun jawo shi da hannunsu, domin sukan ƙirƙiro bayanin da nassin bai ba da ko alamarsa ba. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne, bambancin da ake kawowa ya fito daga cikin nassin kansa. A 1 Sama'ila 15 da Fitowa 33 da Yunusa 4 daga ciki ya fito. Wani kuma zai kawo ra'ayin masana irin su Julius Wellhausen, cewa an harhaɗa waɗannan littattafai ne daga tsofaffin rubuce-rubuce dabam-dabam. Ko da an karɓi wannan, tambayar tana nan. Wanda ya harhaɗa ya fi mu jin Ibrananci, ya ga ayoyin biyu, yana da ikon cire guda, ya bar su. Mafi sauƙin bayani shi ne bai ga karo ba, ya ga gefe biyu na magana ɗaya.

Inda nake rabuwa da wasu masu kāriyar shi ne wurin da sukan ce maganar nadama da baƙin cikin Allah salon magana ne kawai. Gaskiya ne Littafi yana magana da harshen mutane. Malaman Yahudawa sun faɗi haka tun dā, Musa ibn Maimun ya gina kashin farko na Dalalatul Ha'irin a kansa a Masar wajen 1190, John Calvin kuma ya kwatanta shi da mai reno tana yi wa jariri gwaranci. Mai karatu Musulmi ya san 'yar'uwar wannan matsala a gardamar malaman tauhidi kan ayoyin hannu da fuska da daidaituwa a kan Al'arshi, inda ba a taɓa ɗaukar wuyar lafazi a matsayin hujjar ƙarya ba. Amma kalmar nan "kawai" tana da haɗari. In aka ce rashin sākewa shi ne zahiri, baƙin ciki kuwa ado ne, an yi abin da Markiyon ya yi ta wata ƙofa, an zaɓi rabin shaida an jefar da rabi. Misalin Orijen, malamin Kirista na dā, na rana guda da ke narkar da kaki tana ƙafar da laka yana taimakawa wajen nuna yadda abu ɗaya marar sākewa ke haifar da sakamako biyu, sai dai rana ba ta damu da kakin ba, Allahn Farawa 6 kuwa abin ya taɓa shi har zuci.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba. Wannan babi na 15 da na dogara da shi, shi ne ke ɗauke da umarnin hallaka Amalekawa har da jarirai. Wannan nauyi ne na gaske a zuciyar mai bi, kuma nazarin kalmar naham ba ya sauke shi. Sai dai tambaya ce ta daban, tambayar adalcin Allah, irin wadda Ibrahim ya yi a kan Saduma, Ayuba da Habakuk suka yi da babbar murya a cikin littafin kansa. Mai jera ayoyi yakan cakuɗa ta da zargin karo domin ta ƙara wa jerinsa kaifi, mai kāriya kuma yakan amsa zargin karon ya yi kamar ya amsa ta. Fitowa 34:6-7 ya ambaci yalwar jinƙai da ƙin kuɓutar da mai laifi a numfashi ɗaya, a bakin Allah kansa, a daidai lokacin da Musa yake kan dutsen da sababbin alluna biyu a hannunsa bayan ya farfasa na farko.