Sansanin Burmi a Fentin Ruwa: Zanen da Ya Mantar da Ni Abin da Ya Kai Ni

Jama'a, ku yi mini uzuri idan na cika baki, abin da na gani ne ya fi ƙarfina. Allon shago na je a rubuta mini wurin wani matashin mai zane a unguwar Jekadafari ta Gombe, sai idona ya faɗa kan wata takarda jingine da bango, faɗinta bai wuce na faifai biyu ba. Wallahi nan take na manta da zancen allo!

Zanen sansanin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne, a hijirarsa zuwa gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Lokacin bazara ne, ƙasa ta bushe ƙayau, fili fetal kamar hamada, sai ƙaya da 'yan aduwa jefi-jefi. Ga dawaki a turke sun sunkuyar da kai saboda gajiya, ga masu a kafe, ga hayaƙin murhu yana tashi siriri. Can nesa kuma ganuwar Burmi, garin Malam Jibril Gaini, ta ɗan bayyana cikin ƙura.

Da fentin ruwa ya yi shi, irin wanda ake jiƙawa a shafa a takarda da burushi. Masu sana'ar sun san halinsa: ba ya yafe kuskure. Idan hannu ya zame, shi ke nan, babu shafewa. Daga launi mai haske ake farawa a bi da mai duhu, fari kuwa takardar ce da kanta ake bari. To ku dubi rawunan nan da tutoci! Duk farin da ke jikinsu wurin da burushi bai taɓa ba ne. Wajen zana sararin sama kuma, ya jiƙa takardar tukuna, sannan ya saki ja da ruwan ɗorawa suka narke cikin juna, har kana jin zafin la'asar a fuskarka. Kai, Allah ya yi wa hannun nan albarka!

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne bai zana yaƙin ba. Mun san abin da ke tafe: ranar 27 ga Yuli, 1903, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa a Burmi, a ƙasar Funakaye ta yau, Manjo Marsh na Turawa shi ma ya faɗi, ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan. Mutanen cikin zanen ba su san wannan ba. Wani yana alwala, wata tana jijjiga goyo, wani yaro yana jan akuya. Ko fuska ɗaya ba a fitar ba, ɗigo-ɗigo ne kawai, amma sai da na ji ƙwalla.

Na taya, na ƙara, na sake ƙarawa, ya ce ba na sayarwa ba ne. Na ji haushi, amma na ga gaskiyarsa: wurin irin wannan zane shi ne inda 'yan makarantar Gombe za su tsaya su kalla. Allona yana can har yanzu ban karɓo ba. Da gangan na bar shi, don in sami dalilin komawa.