Jigo da Salo a Littafin Ruwan Bagaja

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa raba jigo da salo, kamar yadda masu shirin jarrabawar adabi suka saba, yana tauye fahimtar ƙagaggen labari. Za a kafa hujja da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934.

Galibin ɗalibai sukan haddace cewa jigon littafin shi ne jarunta, su tsaya nan. Amma abin da ya fitar da Alhaji Imam daga Kwantagora magana ce: Liman ya ambaci ruwan da zai warkar da Yarima, Sarki ya wulaƙanta shi. Haka nan karonsa da Malam Zurƙe yawancinsa na wayo ne da iya baki. Ashe sarrafa harshe shi ne makamin tauraron, kuma ta nan jigon yake warwaruwa.

Malami a ƙasar Daura yana da tsani a hannu. Almajiransa sun san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, inda matafiyi ya sami ɗaukaka ta dalilin ruwa. Sai a tambaye su: Bayajidda ya kashe maciji da takobi, to, Alhaji Imam da me ya yi galaba? Wanda ya amsa wannan da misalai daga littafin ya haɗa jigo da salo a amsa guda.